Zuwa biyu Yankari, ɗaya da damina ɗaya da rani

Zuwanmu gandun namun daji na Yankari na farko a watan Agusta ne, cikin dogon hutun 'yan makaranta. Ni na tsayar da ranar, kuma dalilina bai wuce ɗaya ba: lokacin ne na samu hutu a wurin aiki, yara ma suna gida. Ban tambayi kowa ba. Muka bar Kano da hantsi, ni da maman yara da yaranmu uku, muka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, muka tsaya a Bauchi cin masa, hira ta yi daɗi da wani abokina, wankin hula ya so kai mu dare. Da muka isa ƙofar gandun a ƙauyen Mainamaji rana ta yi ƙasa sosai, ni kuwa a zatona an iso ke nan. Ashe daga ƙofa zuwa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin daji, kuma ba hanyar da ake gudu ba ce, don dabba na iya gilmawa a kowane lokaci.

Washegari muka fita kallon dabbobi. Ciyawa ta fi tsayin mutum, ganye ya rufe ko'ina, daji kore shar. Muka yi kusan awa biyu muna yawo. Abin da muka gani shi ne bayan wata gwambaza tana shigewa duhuwa, da 'yan birai, sai ƙudan tsando da ya yi ta binmu yana cizo ta cikin riga. Babban ɗana, wanda ya yi wata guda yana faɗa wa abokansa zai ga giwa, bai ce komai ba har muka dawo. Da daddare ya matso kusa da ni ya ce, "Abba, ko dai an kwashe su ne?" Tambayar nan ta tsaya mini a rai, domin ni na yi masa alkawarin abin da ba a hannuna yake ba.

Wani dattijo cikin masu gadin dajin ne ya warware mini. Na same shi zaune a gindin bishiya na yi masa ƙorafi, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Alhaji, dabba ruwa take bi. Yanzu kowane kwari akwai ruwa, me zai kawo ta bakin hanya? Ka dawo in ƙasa ta bushe." Ya yi mini bayanin cewa gandun ya kai faɗin murabba'in kilomita 2,244, kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa. Da damina dabbobi na bazuwa ko'ina cikin wannan faɗi, tafkuna cike, abinci a yalwace. In rani ya yi, ƙananan tafkuna suka ƙafe, dole kowa ya gangaro kwarin Gaji, inda ruwa ba ya yankewa. Ciyawa kuma ta bushe ta kwanta, ido na iya hangen nesa. Shi ya sa daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne lokacin gani, kuma duk sanda rani ya ƙara nisa, dabbobin na ƙara taruwa.

Sai bayan shekara ɗaya da rabi muka koma, a watan Maris. A wannan karon lokacin na fara tsayarwa, sannan na nemi hutu ya dace da shi. Na guje wa ranakun sallah da na Kirsimeti, lokacin da Wikki ke cika da jama'a, motoci na bin juna a layi, hayaniya kuwa ba ta barin dabba ta tsaya. Muka zaɓi tsakiyar mako. Na sa aka kama mana ɗaki tun kafin mu taso, na kuma sake bugawa ana gobe za mu tafi don in tabbatar.

Mun kwana a Bauchi maimakon mu yi doguwar tafiyar a rana ɗaya. Wannan ya ba mu damar kai yara kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa da yamma, da safe kuma muka cika tanki, muka sayi katan uku na ruwan gora, burodi, gyaɗa, dabino da lemo, na ciri kuɗi a hannu. Sabis na waya a cikin dajin yana zuwa yana ɗaukewa, wanda ya dogara da tura kuɗi ta waya zai iya tsayawa cirko-cirko. Daga Bauchi aka bi hanyar Gombe, a Dindima aka karya dama, sai Mainamaji. Duka-duka daga Bauchi zuwa Wikki kimanin kilomita 110 ne. Kafin azahar mun sauke kaya.

Abu na biyu da na gyara shi ne maganar da na yi wa yara. Tun a gida na zaunar da su na ce musu wurin nan ba gidan zu ba ne irin na Audu Bako da suka saba zuwa, inda kowace dabba ke cikin kejinta da allo a gaba. A nan mu ne baƙi, su ne masu gida, in sun ga dama su fito, in ba su ga dama ba shi ke nan. Na faɗa musu giwayen da suka rage a Yankari ba su da yawa, ƙiyasin da ake yi tsakanin 100 ne zuwa 150, kuma duk da haka suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. Zakuna kuwa 'yan ƙalilan ne, mutum zai iya zuwa sau goma bai gan su ba. Auta ta ce ita raƙumin dawa take son gani. Na ce mata babu shi a Yankari yanzu, amma akwai shi a gandun Sumu da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa, tare da jakin dawa, waɗanda aka kawo daga Namibiya, kuma hanyarmu ce ta komawa Kano. Na ba kowannensu ɗan littafi da biro, na ce duk abin da ya gani ya rubuta, ko tsuntsu ne, ko sawu ne a ƙasa. Ban taɓa tsammanin wannan ɗan abu zai yi tasiri haka ba. Yaron da ke neman abin rubutawa idonsa a buɗe yake, ba ya zaman jiran giwa kaɗai.

Kayan sawa ma mun canza. Ƙudan tsando yana son baƙi da shuɗi mai duhu, a zuwan farko kuwa duk irinsu muka sa. Wannan karon muka ɗauki masu ruwan ƙasa, masu dogon hannu, da hula da takalmi rufaffe.

Tun a cikin sansanin ake fara ganin namun daji. Gadu, wanda wasu ke kira mugun dawa, yana kiwo a gaban ɗakuna, ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba yana tonon ƙasa da hanci, in ya tsorata ya ɗaga wutsiya sama cak ya zura da gudu. Bika kuwa sai an yi hattara. Sun saba da mutane, sun san leda, sun san ƙofar da ba a kulle ba. A zuwan farko wani ƙato ya fizge ledar burodi daga hannun 'yata a bakin mota, ta yi ta kuka, ba don burodin ba, don razana. Haƙoransa sun kai tsawon ɗan yatsa. Saboda haka muka kafa doka: ba a cin komai a waje, ba a riƙe leda a fili, ƙofa da taga a kulle ko da minti ɗaya za a fita, gilashin mota a ɗage. Kuma ba a ba su abinci. Na ga wasu matasa suna jefa musu biskit suna ɗaukar hoto, raina ya ɓaci ƙwarai, domin irin wannan ne ke koya musu cewa hannun mutum wurin abinci ne, yaron wani ne zai biya kuɗin wasan gobe.

Fitar safe muka yi wa rajista tun daren, muka kuma ce za mu sake fita da yamma. Da tsakar rana a watan Maris dabba ba ta motsi, tana can ƙarƙashin inuwa, mutum ma haka. Bayan sallar asuba muka shirya, muka hau motar gandun tare da ɗan rakiya. Kafin mu tashi ya juyo ya ce wa yara, "'Yan samari, in kuna son gani, sai ku ajiye baki ku buɗe ido." Suka yi tsit.

Bambancin da zuwan farko kamar ba daji ɗaya ba. Ƙasa ta buɗe, ana hango nesa tsakanin itatuwa. Cikin rabin awa mun ga garken gwambaza a bakin fadama, mazo guda yana tsaye da zanen fari a jikinsa, da jan biri yana tsallake hanya. Can gaba ɗan rakiya ya ɗaga hannu direba ya tsaya: gwanki ne, uku, dogaye, ƙahonsu ya lanƙwasa baya, fuska baƙi da fari. Sun tsaya suna kallonmu kusan minti guda kafin su juya. Babban ɗana ya rubuta, hannunsa na rawa.

Giwa ba mu gan ta da safen nan ba. Amma ɗan rakiyar ya tsayar da mota a wani wuri ya nuna mana abin da da ni kaɗai ne da na wuce shi. Reshen bishiya mai kaurin cinyar mutum an karye shi daga sama, ɓawon a saɓule, ɗanyen ruwan itacen bai bushe ba. A ƙasa ga sawu, zagayayye kamar faranti, da 'yan layuka a cikinsa irin na tafin hannu. Ga kashi tuli, cike da zaren ciyawa da ƙwallayen 'ya'yan itace. Ya sa sanda ya buɗe shi, ya ce na daren jiya ne, sun gangara ruwa, ga ƙaramin sawu nan a tsakiyar manya, akwai ɗa a cikinsu. Ya ce uwa mai ɗa ita ce abin tsoro, ba a matsa mata. Yaran suka leƙo daga mota suna auna sawun da ido. Ni kaina a nan na fara jin cewa dajin yana da rai ko da ba ka ga mai shi ba.

Da yamma, wajen la'asar sakaliya, muka sake fita ta gefen Gaji. Mun ga bauna daga nesa, da kada kwance a kan yashi baki buɗe. Muna shirin juyawa sai muka ji ƙarar karyewar itace. Direba ya kashe mota. Daga cikin kurmi, a ƙetaren ruwa, sai ga bayan giwa, toka-toka, sannan kunne, sannan wata, sannan wata. Na ƙirga bakwai kafin itatuwa su rufe sauran. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin ƙarar tafiyarsu, dabba mai wannan girma tana taka ƙasa kamar mai sanɗa. Ba su fi minti biyar a fili ba. Babu wanda ya yi magana a motar, maman yara ce kawai na ji tana cewa "Subhanallah" a hankali. Hoton da na ɗauka da waya bai fito da komai ba sai duhun ganye, ban kuma damu ba.

A hanyar dawowa ɗan rakiyar ya ba mu labarin wahalar tsaron wurin: mafarauta masu neman haure da nama, shanun da ake shigowa da su kiwo, da manoman ƙauyukan gefe waɗanda giwa kan shiga gonarsu ta cinye noman shekara a dare ɗaya. Wannan na ƙarshen ya taɓa ni, don ni ɗan manomi ne, na san abin da gona take nufi ga mai ita. Mu mun zo kallo mun biya kuɗi mun tafi, su ne ke kwana da ita. An keɓe dajin nan tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006, kuma duk tsawon wannan lokaci wasu mutane ne ke yawo a ƙafa cikin rana da ƙudan tsando don giwayen nan su saura. A ɗan gidan tarihin da ke Wikki an ajiye tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta, tare da fatu da ƙasusuwa. Na kai yara suka gani, kuma da za mu rabu da ɗan rakiyarmu na yi masa alheri gwargwadon hali, ba don ya roƙa ba.

Kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, mun leƙa su a gurguje a rana ta biyu, zafi ya hana mu daɗewa. Wanda yake son su da rijiyoyin Dukkey ya ware musu safiya guda.

Sai ruwan Wikki. Ana sauka da matakala zuwa wani kwari mai inuwa, ruwan na ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, garau, ana ganin farin yashin ƙasa da yatsun ƙafa. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Kusa da dutsen yana da zurfin da zai shanye mutum, can ƙasa kuma bai wuce gwiwa ba, nan muka tsayar da yara, ni ina tsakaninsu da zurfin. A zuwan farko maman yara ba ta shiga ba, maza sun cika wurin, ta zauna a kan matakala tana tsaron kaya. Na ga hakan a fuskarta, ban manta ba. Wannan karon, a safiyar da za mu tafi, muka sauka gari na wayewa, babu kowa sai tsuntsaye da wani bika can saman dutse. Ni da samarin muka koma bakin matakala muka zauna da kayan, ita da Auta suka shiga da dogayen rigunansu. Sun fi rabin awa a ciki. Muna jiyo dariyarsu daga inda muke, har rana ta fara taɓa saman itatuwa na ce mu tashi, akwai Sumu a gabanmu kafin Kano.