Ashe ni ce Siman

Jiya a zumuntar mata ta coci muka karanta Bisharar Luka sura 7. Matar nan da kowa ya san zunubinta ta kutsa gidan Siman Bafarisiye (ɗaya daga cikin Yahudawa masu tsananta bin dokokin addini) ba gayyata, ta jiƙa ƙafafun Yesu da hawaye, ta share da gashin kanta. Ko uffan ba ta ce ba. Maigidan kuwa ko ruwan wanke ƙafa bai bayar ba.

Da na ɗauka ni ce matar, ashe ni ce Siman, mai riƙe laifin wani a zuciya. Shekara 3 ina gaba da wata 'yar'uwa kan maganar da ta yaɗa a kaina, alhali benci ɗaya muke zama a coci. Da aka tashi na riƙo hannunta, muryata na rawa, na ce, "Yaya, na riƙe ki a zuciya, ki yafe mini." Ta daɗe tana kallona kafin ta rungume ni.