Talata, da maganar geron Kawu

Zafin yau ba a magana. Kafin azahar waya ta nuna 40, wuta kuma tun jiya ba mu sa ta a ido ba.

Da sassafe na yi aikina na kullum. Na wanke kaskon ruwan tsuntsaye, na cika shi, na mayar da ɗan dutsen nan tsakiya don ƙananan su samu wurin tsayawa kada su nutse. Sai tafi ɗaya na tsaki a faifan da na rataye a bedi. Tun ranar da magen maƙwabta ta cafke kurciyar nan na daina zubawa a ƙasa. Ba'u ne suka fara sauka, mijin ja wur, matar tana biye da shi da launinta na ƙasa-ƙasa. Asisi biyu suka biyo baya da shuɗin ƙirjinsu. Kurciyoyi kuwa sai rana ta ɗaga suke zuwa, su ture kowa, su tsoma baki a ruwa su yi ta zuƙa ba ɗaga kai. Auta ce ta fara lura cewa su kaɗai ke sha haka, sauran sai sun ɗaga wuya sama.

Wajen ƙarfe 11 Kawu ya iso a motar Mani, saboda maganar idon nan nasa. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar bedin, na kawo fura. Da na sani zaure na kai shi.

Ya jima yana kallon sama, sannan ya ce, "Ɗiyata, mene ne a cikin faifan can?"

"Tsaki ne, Kawu."

"Na kaji?"

"A'a, na tsuntsaye ne."

Ya ajiye ludayi. "Ikon Allah. Mu muna can muna kora, ke kina nan kina kira."

Na yi dariya, na ce ai waɗannan ba su ne masu ɓarna ba. Jan baki ne ke sauka dubbai su share gona, har hukuma ta kan tashi jirgi a yi musu feshi. Waɗannan 'yan gida ne, ƙwayar ciyawa suke tsinta, kuma yanzu rani ya ƙone komai. Har hadisin nan na jawo masa, wanda ya ce duk abin da tsuntsu ya ci daga shukar musulmi sadaka ce gare shi.

Ya ce, "Na san shi. To ai sai ki bar mu da ladarmu, mu da muka shuka."

Daga nan ya shiga labarin damina. Yadda da zarar gero ya fara ido yara ba su sake ganin barcin safe ba. Gwangwani da tsakuwa a ciki, igiya daga wannan kunya zuwa waccan, majajjawa, ihu har murya ta dushe. Ya tuna min shekarar da aka kai ni hutu, na yi kwana uku ina kora na dawo da kuka wai rana ta ƙone ni. Ba faɗa yake ba. Yana yi yana murmushi, shi ya sa ma ta fi shiga.

Abin da ban faɗa masa ba: tsakin nan daga buhunsa yake. Geron da ya aiko mana bayan kaka, wanda bana rabin buhu ya zo maimakon guda, har ya haɗo da ban haƙuri. Duk lokacin da aka kai niƙa nakan ce a ɓarza min kwano ɗaya daban. Yana zaune ƙarƙashin faifan, ɓarɓashi na zubo masa a hula, ni kuwa ina ta zuba bayani kamar malamar makaranta.

Ko ya gane? Mutumin da ke murza zangarniya ya faɗa maka gonar da ta fito. Amma idon ya yi rauni.

Baban yara ya dawo ya kai shi wurin likita. An ce yanar ido ce, sai an yi aiki. Abincin rana dafa-duka. Auta ta ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya, kuma.

Da la'asar na lissafa. Kwano ɗaya yana kai ni kusan wata, bai fi kunun kwana biyu ba a gidan nan. Lissafin bai sanyaya min rai ba. Na yi tunanin in riƙa sayo nawa daban a babbar kasuwa, sai na ga shi ma ai wani Kawun ne ya kore masa tsuntsu.

Kafin magariba na share abin da ya zube saboda ɓeraye, na sauke faifan na kai kicin. Ruwa kawai na ƙara. Kurciya ɗaya ta zo ta tsaya a reshen tana leƙen igiyar.

A nan zai kwana. Gobe yara za su tambaye ni ina faifan, kuma a gabansa za su tambaya.