Daren da sabar ofis ta ce ba ta da faifai

Ranar Juma'a bayan sallar isha'i na zauna gaban tsohuwar sabar ofishinmu, Dell PowerEdge R710 'yar gwanjo, da niyyar sauke tsarin aikinta (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), CentOS 7, in ɗora Rocky Linux 8. Dole ce ta sa, domin tun 30 ga Yunin 2024 aka daina yi wa CentOS 7 gyaran tsaro. Na kwafe bayanai, na cusa filas mai ɗauke da Rocky, na kunna. Da aka zo wurin zaɓen inda za a girka, wayam. Faifai shida ne a cikinta, fitilunsu kore shar, amma allo ya ce babu ko ɗaya.

Wayoyi na fara zargi. Na buɗe murfi, na zare na mayar, ƙurar hunturu duk ta cika min hanci. Na danna Ctrl+R na shiga saitin PERC H700, katin da ke kula da faifan, ya nuna RAID ɗin, wato haɗin faifan wuri guda, lafiya lau. Wallahi saura ƙiris in goge shi in sake haɗawa, da na yi aikin banza.

Sai na koma cikin mai girkawa, na danna Ctrl+Alt+F2, na rubuta lspci -nnk, umarnin da ke lissafo kayan da ke cikin na'ura. Ga katin nan da lambarsa, 1000:0079, amma babu direba, wato manhajar da ke sarrafa kati, da ya riƙe shi. Ashe tun fitowar RHEL 8, Linux ɗin kamfanin Red Hat, a 2019 aka cire lambobin tsofaffin katunan kamfanin LSI, irin wannan nawa, daga direban megaraid_sas, Rocky kuwa sawunsa take bi. Direban yana nan, amma bai san da zaman katin ba. Laifina ne da ban bincika ba kafin in fara.

Maganin yana wurin ELRepo, wata ma'ajiyar direbobi ta intanet. Suna da ƙaramin fayil ɗin ISO na direban, sai dai kowane da sigarsa: na 8.10 sai 8.10. Da datar wayata na sauke shi, na zuba a filas na biyu, na ƙara inst.dd a layin tashi, don mai girkawa ya ɗauko direban. Nan take faifan ya bayyana. Bayan girki na saka ma'ajiyar ELRepo, kada wani sabon kernel, wato zuciyar tsarin, ya zo ya bar ni a tasha.

Da safe abokin aikina ya kawo zancen AlmaLinux, 'yar'uwar Rocky, ya ce, "Malam, ai AlmaLinux 8.10 ta dawo da waɗannan katunan, da ita ka ɗora." Na dube shi kawai, ido jajir. Man janareton da na ƙona a daren, har yau akantan ofis bai biya ni ba.