Yadda na rage ƙibar fakitocin Debian a ƙananan kwamfutoci

Aikin da na sa gaba shi ne ɗora Debian, wani nau'in Linux, a kan wasu ƙananan kwamfutoci masu faifan ajiya na eMMC mai gigabait 16, irin waɗanda wuri ke cika musu tun ba a je ko'ina ba. Girman fayil ɗin .deb da ake saukewa, wato fakitin da manhaja ke zuwa a ciki, bai faɗa mini komai ba, tunda a matse yake zuwa. Abin dubawa shi ne Installed-Size, wato wurin da fakiti ke ci bayan an shigar da shi, wanda ke cikin bayanan kowane fakiti. Da umarnin dpkg-query na jero fakitocin daga babba zuwa ƙarami, sannan na san inda zan sa hannu.

Na fara da abin da ido ke gani: takardun bayani a /usr/share/doc, shafukan man masu bayanin umarnoni, da fassarori a /usr/share/locale. Layukan path-exclude a cikin /etc/dpkg/dpkg.cfg.d sun hana dpkg, shirin da ke shigar da fakitoci, zube su a faifai. Fayilolin copyright kuwa na dawo da su da path-include, domin haƙƙin masu manhaja ne. Na kuma cire locales-all, fakitin saitunan harsuna duka, wanda shi kaɗai ya haura megabait 200, na sa locale-gen ya samar da na Hausar Najeriya (ha_NG) da na Turanci kawai.

Amma duk wannan share fage ne. Nauyin gaske yana wajen abin da fakiti ke janyowa a bayansa. Tun Debian 5.0 ta 2009, apt, shirin da ke sauke fakitoci, na shigar da duk abin da aka rubuta a Recommends, jerin fakitocin da aka ba da shawarar a haɗa da su, ba tare da an nema ba, shi ma wancan ya janyo nasa. Sai ka nemi ɗan ƙaramin shiri, ka ga dangi guda sun biyo shi har da maƙwabta. Kashe wannan da APT::Install-Recommends ya fi duk goge-gogen da na yi amfani.

Sai dai ba a kashe shi a juya baya. wget, shirin sauke fayiloli daga intanet, alal misali, a Recommends ya ajiye ca-certificates, fakitin takardun shaidar tsaro, kuma idan babu shi shafukan https ba za su buɗu ba. Don haka na bi jerin ɗaya bayan ɗaya, ina mayar da abin da ake buƙata da hannu. Aiki ne mai cin rai, kuma ban ga hanyar tsallake shi ba.

A fakitocin da nake ginawa da kaina, shirin dh_strip na ware bayanan gano kurakurai zuwa fakitin -dbgsym daban, takardu su koma na -doc. Kowane layi na Depends, jerin abin da dole a shigar tare da fakiti, sai na tambayi kaina: shirin zai tashi babu wannan? In zai tashi, na sauke shi zuwa Suggests, jerin da apt ba ya shigarwa sai an nema.

Na leƙa Alpine, wata Linux ɗin daban wadda ƙaramin laburaren C mai suna musl da tarin umarnoni na BusyBox suka sa ta zama 'yar mitsitsiya, amma shirye-shiryen da masu kwamfutocin ke amfani da su an gina su ne a kan glibc, laburaren C da Debian ke amfani da shi, sai na zauna a Debian.