Daga Nima zuwa Kumasi, don kallon gudun ɗan yayata

Da asuba na bar unguwar Nima a Accra na nufi tashar mota ta Circle, saboda yayata ta buga waya ta ce ɗanta zai yi gudu a filin wasa na Baba Yara da ke Kumasi, kuma idan ban je ba kada in ƙara kiran kaina kawunsa. Gasar ita ce wadda kowa a Ghana yake kira Inter-Co, ta makarantun sakandare. A yankin Ashanti ana fara fafatawa shiyya-shiyya, waɗanda suka tsallake su haɗu a Super Zonals. Makarantar yaronmu ƙarama ce, ta can bayan gari, zuwanta wannan mataki ma abin a yi walima ne.

Tsakanin Accra da Kumasi kusan kilomita 250 ne, amma hanyar ba ta san lissafi ba. A Nsawam mata suka yo kan motar da burodi a ka, na sayi biyu don tsaraba. Muka wuce Suhum da Bunso, duwatsun Kwahu suka bayyana a Nkawkaw, daga nan barci ya ɗauke ni sai a Ejisu, inda cunkoso ya tashe ni. Azahar ta gota kafin mu sauka a Asafo. Na hau pragya, wato keke mai ƙafa uku, zuwa unguwar Aboabo, gidan Kawu, ƙanen mahaifiyarmu.

Da daddare Kawu ya ja ni majalisarsu ta ataya. Da jin abin da ya kawo ni sai hira ta koma kan Inter-Co, kuma ba ta sauka ba har aka wanke butar shayi. Mutanen nan sun haura sittin, wasu ko sakandaren ba su gama ba, amma kowa yana riƙe da nasa jerin zakarun a ka: shekarar da wane ya yi wa wane fintinkau, shekarar da aka yar da sanda a gudun miƙa-sanda kofi ya suɓuce. Matsalar ita ce jerin wannan bai yi daidai da na wancan ba. Wani dattijo mai gyaran rediyo ya ce shi yana filin da idonsa. Kawu ya ce, "Alhaji, kana filin, amma wajen mai waken shinkafa ka tsaya." Abu ɗaya kawai suka yarda da shi baki ɗaya: idan ana maganar guje-guje a Kumasi, T.I. Ahmadiyya, wato Amass, ita ake tsoro. An kafa ta a 1950, tsakanin Prempeh College ta 1949 da Opoku Ware ta 1952, waɗanda gabarsu ta girmi yawancin masu ihu a kanta.

Washegari bayan koko da ƙosai muka nufi Amakom. Filin yana ɗaukar mutum kimanin 40,000, an buɗe shi a 1959, an sa masa sunan Baba Yara a 2004. Kawu bai bari mun shiga ba sai da ya tsaya ya ba ni labarin mai sunan, duk da na sani: Osman Seidu, ɗan ƙwallon ƙafa mai buga gefe a ƙungiyar Asante Kotoko da ya koma Real Republicans, wanda haɗarin mota a Kpeve a 1963 ya kwantar da shi, ya rasu a 1969 yana ɗan shekara 32. Ya ƙare da addu'a, muka shafa.

Na sha zuwa filin nan kallon Kotoko, na kuma zo wa ƙungiyar King Faisal ta Alhaji Grusah kafin ta faɗa rukuni na ƙasa a 2023. Amma hayaniyar yaran makaranta daban ce. Kowace makaranta ta kama ɓangarenta da kalar rigarta, 'yan Prempeh cikin kore da rawaya, ganguna na tashi, waƙoƙin zuga da ake kira jama ba sa yankewa ko ana gudu ko ba a yi. Tsofaffin ɗalibai masu tumbi da makullin mota a hannu sun fi yaran zaƙewa. Can ƙasa kuma ga 'yan Islamic Senior High da ɗankwalayensu, suna amshi da ƙarfinsu.

Na sauka bayan rumfa inda 'yan wasa ke shiri, a nan na ga ainihin gasar. Wani malami yana zuba wa yara garin gulukos a tafin hannu suna lasa. Ƙamshin man zafi ya cika wurin. Ɗan yayata yana zaune a ƙasa ba takalmi, an maƙala masa lamba a ƙirji da fil, yana jiran abokinsa ya gama gudun mita 400 ya cire takalmin ƙusa ya ba shi. Takalmin ya yi masa yawa, sai ya cusa takarda a bakinsa. Ya ɗago ya ce, "Kawu, ka zo da gaske?" Na ce, "To da wasa zan zo?" A gefensu kuwa 'yan manyan makarantu ne da kaya iri ɗaya daga sama har ƙasa, da mai yi musu tausa.

A ganina a nan ya kamata masu neman 'yan wasa su riƙa tsayawa. Joseph Paul Amoah, wanda ya ciyo wa Ghana tagulla a mita 200 a wasannin Commonwealth na 2022, daga Prempeh ya fito. Benjamin Azamati da ya karya tarihin mita 100 na ƙasa a 2021 da daƙiƙa 9.97 ɗan makarantar Presec ne ta Legon. Irin wannan gasar ce ta fara nuna su. Sai dai su sun fito daga makarantun da ke da fili da mai horarwa, yaro mai aron takalmi kuwa sau da yawa gudunsa na ƙarshe shi ne na aji uku.

Yaronmu shi ne mai gudu na uku a gudun miƙa-sanda na mita 400 sau huɗu, ya karɓi sanda suna can baya. Ya wuce mutum ɗaya a kwanar farko, ya kamo wani a miƙaƙƙiyar ƙarshe, ni kuma na ji muryata ta dushe ban san lokacin da na fara ihu ba. Ba su samu shiga gudun ƙarshe na fitar da zakara ba. Yayata ta rungume shi tana cewa ai ya fi kowa, Kawu kuma tuni ya fara tsara yadda zai ba da labarin a majalisa, kuma na lura a bakinsa mutanen da aka wuce sun zama huɗu.

Kafin in kama motar dare muka shiga kasuwar Kejetia neman takalmin ƙusa na gwanjo. Mun sha yawo kafin mu samu a wajen wani Bafrafre da ke jin Hausa ras. Na zaɓi daidai ƙafar yaron, Kawu ya ƙwace ya ce a ɗauki na gaba da shi, ƙafar ba ta gama girma ba, kuma akwai ƙanensa a baya.