Ashe ba daƙiƙi ba ne

Jiya na raka maƙwabciyata makarantar firamaren da ɗanta yake a nan Agege. Shekara biyu ana ce mata yaron ba ya ganewa. A gida Hausa yake ji, a aji Turanci, ga Yarbanci da dokar 2018 ta wajabta koyarwa a makarantun jihar Legas, sai kowa ya ɗauka harshe ne ya sha masa kai.

Wata malama ce, Allah ya saka mata, ta tsaya bayansa ta tafa hannu. Ko gezau bai yi ba. Ashe kunne ne.

Na ga uwar ta kama bakin mayafinta tana share hawaye, tana cewa, "Yaya, sau nawa na dake shi a kan ya ƙi amsa kira." Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

An ce mu gwada makarantar kurame ta Wesley da ke Surulere. To, uban yaron dakon albasa yake yi a kasuwar Mile 12. Kuɗin motar haya ta danfo kullum, zuwa da dawowa, ga na mai rakiya, ga na'urar kunne. Daren jiya mun zauna da uban muna lissafi har aka ɗauke wuta.