Tafiyata gwanjon motocin 'yan sanda a Ohio

Tun da asuba muka kama hanya daga birnin Columbus, ni da wani dattijon bakanike da nake kira Baba saboda girmamawa, domin mu halarci gwanjon da hukumar wani ƙaramin gari na jihar Ohio ta shirya a kan motocin 'yan sandanta da suka gama aiki. A Amurka garuruwa da yawa suna da rundunar 'yan sandansu, wadda take cin gashin kanta a ƙarƙashin hukumar garin, don haka motocin sintiri dukiyar gari ce, kuma idan aka sayo sababbi sai a yi gwanjon tsofaffin a mayar da kuɗin asusun hukuma. Yawancin irin wannan ciniki ya koma intanet, a shafuka irin su GovDeals, amma wannan gari ya ware rana guda ta duba kaya da yin tayi ido da ido, abin da ya sa Baba ya ce tafiyar ta cancanci man da za mu ƙona.

Hanyar ba ta da wani abin labari sai gonakin masara da waken soya da suka shimfiɗu hagu da dama. Da hantsi muka isa garejin hukumar, wani fili mai shingen waya a bayan gari, inda aka jera motocin kusa da tsofaffin motocin share ƙanƙara da injinan yankan ciyawa. Muka nuna lasisin tuƙi, aka ba mu lambar tayi a kan kwali, tare da takardar sharuɗɗa wadda jigonta shi ne cewa ana sayar da kowace mota yadda take kuma a inda take, babu garanti, babu mayarwa, sannan akwai la'adar mai gwanjo da za a ɗora a kan farashin da aka sallama.

Motar 'yan sanda da aka tuɓe wa kayan aiki abar tausayi ce. An cire fitilun rufi da jiniya da rediyo da kwamfuta, an ɓamɓare tambarin runduna, amma inuwar rubutun tana nan a jikin fenti kamar tabon tsohuwar ƙuna. Na sa yatsa a cikin ramukan da aka huda a rufi domin wayoyi, waɗanda aka toshe da roba, na kuma leƙa baya na ga kujerar roba mai tauri da aka yi ta yadda za a iya wanke ta da tiyo. Da na shiga na rufe ƙofa sai na tarar ba ta buɗuwa daga ciki, dole Baba ya zagayo ya fitar da ni yana dariya, ya ce yau na ɗanɗana zaman wanda aka kama.

Galibin motocin Ford Police Interceptor Utility ne, wato samfurin Explorer da aka ƙera domin sintiri, sai Dodge Charger guda biyu, amma wadda mutane suka yi wa zobe ita ce tsohuwar Ford Crown Victoria. An daina ƙera ta a shekarar 2011, lokacin da aka rufe masana'antar St. Thomas da ke Ontario a Kanada, kuma har yanzu ana sonta saboda injinta mai silinda takwas na lita 4.6, da jikinta da aka ɗora a kan shasi dabam, wanda ya sa gyaranta bayan haɗari yake da sauƙi. Shekaru da yawa ita ce motar 'yan sanda kuma ita ce tasi a manyan biranen ƙasar. Ni ma raina ya biya, musamman da na ga agogon tafiyarta bai wuce mil 96,000 ba.

Baba bai ko kalli wannan adadi ba. Ya murɗa makulli, ya danna maɓallin agogon har ya nuna wata lamba dabam, ya ce da ni, "Yaro, zo ka karanta wannan." Awannin da injin ya yi yana silo ne, wato yana aiki motar na tsaye, kuma sun haura 7,000. Motar sintiri takan wuni a gefen titi da inji a kunne domin rediyo da kwamfuta da na'urar sanyi ko ta ɗumi, taya ba ta juyawa, agogon tafiya ba ya ƙirgawa, amma injin yana cin jikinsa. Kamfanin Ford kansa yana lissafa awa ɗaya ta silo daidai da tafiyar mil 33. Na buga lissafin a waya, sai ga fiye da mil 230,000 a ɓoye, bayan waɗanda agogon ya nuna. Ya zaro sandar baƙin mai ya shinshina, ya sa kunne kusa da injin na ɗan lokaci, sannan ya rufe bonet bai ce uffan ba.

Da aka fara gwanjo sai mai shela ya riƙa zubo lambobi da saurin da kunnena ya kasa bi, kwalaye suna tashi suna sauka. A ganina hukumar ba ta ɓoye komai ba, domin takardun gyaran kowace mota suna kan tebur ga duk mai son dubawa, sai dai kaɗan ne suka buɗe su. Crown Victoria ta tafi hannun wani saurayi da ya yi ta ƙara tayi fuskarsa cike da murna, kuma ban ga ya danna maɓallin nan ba.

Mu kuwa muka yi tayi a kan wata Explorer mai mil da yawa amma awannin silo kaɗan, wadda takardunta suka nuna ta jami'in ofis ce, ba ta sintiri ba. Wani dillali ya ɗara mu sau biyu, na ɗaga kwali zan ƙara, Baba ya riƙe mini hannu ya ce mun kai iyakar da muka yanka tun a hanya. Da la'asar muka juyo Columbus a motar da muka zo da ita, kwalin lambar tayin yana ajiye a kan kujerar baya.